Babur Na Hannu Da Ba Ya Zama a Hanya: Yadda Ake Bin Sawun Laifin Har a Gyara Shi

Mafi yawan masu sayen babur na hannu a Garwa, da Marwa, da Kuseri, a arewacin Kamaru, kunnensu ne yake yi musu ciniki. Mutum zai tayar da inji ya saurari ƙararsa, ya dubi hayaƙin da ke fita daga salansa, ya zagaya unguwa sau ɗaya a giya ta biyu, daga nan sai a zauna da dillali a shiga maganar kuɗi. Sai bayan an biya, an hau kwalta an buɗe wuta, sannan babur yake nuna halinsa: kai yana kaɗawa, ko yana janye mutum gefe guda, ko baya yana lilo a cikin kwana. Idan mai shi ya koma ya yi ƙorafi, amsar da yakan samu ita ce hannunsa ne bai saba ba, ko kuma duk irin wannan babur haka yake. Kada ka yarda da wannan amsa. Babur mai lafiya, ko Boxer ne, ko TVS, ko Haojue, ko Sanili, yana tafiya miƙe da kansa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, yana kwanciya a kwana ba tare da an yi kokawa da shi ba. Wanda ba ya yin haka yana da laifi a wani wuri, kuma laifin nan ana iya gano shi da hannu, da ido, da igiya, da gejin iska.

Ƙa'ida biyu ce za ta kare maka aljihu a wannan aiki. Ta farko, ka fara da abin da ya fi arha kuma ya fi yawan lalacewa, ka bar maganar firam, wato ƙashin jikin babur, zuwa ƙarshe. Ta biyu, kada a taɓa abu biyu a lokaci guda. A gyara ɗaya, ka hau ka gwada, sannan a wuce gaba. Wanda ya bari aka sauya masa taya da boris da shoka a rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ne ya yi magani ba, kuma mai yiwuwa ya biya kuɗin abu biyu da ba su da laifi.

Ka san irin ciwon kafin ka ɗauki sifana

Ka nemi kwalta mai santsi wadda ba cunkoso, da sassafe kafin gari ya tashi, ka sa hular kwano, ka tafi kai kaɗai ba fasinja ba kaya. Ka yi tafiya a kilomita 30 cikin awa, sannan 50, sannan 60, kana lura da lokacin da abin yake farawa. Idan kan babur yana kaɗawa hagu da dama da sauri, musamman sa'ad da ka sassauta wuta kana rage gudu, zargi yana kan gaba: tayar gaba, ko boris ɗin wuya, wato inda kai ya haɗu da firam. Idan dukkan babur ne yake yin lilo a hankali kuma abin yana ƙaruwa da gudu, yawanci daga baya yake. Idan a tafiyar sannu babur yana yawo, kana gyara shi yana zarcewa ɗaya gefen, wuyan ne ya yi tauri ko ya yi gurbi. Idan kuma kullum gefe ɗaya yake ja, to akwai abin da ya kauce daga layi. A nan ka tuna cewa a Kamaru da Cadi hannun dama ake bi, kuma ana gina titi da ɗan gangare zuwa gefe domin ruwa ya sauka, saboda haka ɗan jan da bai taka kara ya karya ba zuwa dama yana iya zama na hanya ne. Ka sake gwadawa a fili madaidaici kafin ka yanke hukunci.

Kada ka saki hannu biyu a kan gudu don gwaji. Sassauta riƙo kawai ya isa. Idan kaɗawa ta taso da ƙarfi, kada ka damƙe birkin gaba. Ka matse tanki da gwiwoyi, ka ɗan sunkuya gaba domin nauyi ya sauka kan tayar gaba, ka rage wuta sannu a hankali har babur ya natsu.

Taya

A nan ne za mu daɗe, domin a nan ne laifin ya fi ɓuya, kuma a nan ne gyara ya fi sauƙi.

Ka fara da iska. Masu faci da yawa a bakin hanya da babban yatsa suke auna taya, ko su buga mata sifana su saurari amo, kuma abin da suka saba da shi shi ne cika ta tam domin masu ɗaukar lodi. Tayar da aka cika fiye da kima tana taɓa ƙasa da ɗan siririn wuri, tana tsalle a kan gargada, tana zamewa a kan tsakuwa. Wadda iskarta ta yi kaɗan kuwa tana sa kai ya yi nauyi, tana lanƙwashewa a kwana, tana kuma yin zafi har ta cinye tub. Ga baburan nan na 100 zuwa 150cc, abin da masana'antu suka fi rubutawa shi ne kusan bar 1.75 a gaba da bar 2.0 a baya (bar ma'aunin ƙarfin iska ne) idan mutum ɗaya ne, a ƙara ta baya zuwa kusan 2.25 idan za a ɗauki fasinja. A gejin da ke da lissafin PSI, wannan ya yi daidai da 25, da 29, da 33. Idan takardar da kamfani ya manna a murfin sarƙa ko a jikin ƙarfen baya tana nan, ita za ka bi. Ka auna da safe taya tana sanyi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Njamena yake haura digiri 40, tayar da ta yi tafiya a kan kwalta za ta nuna iska fiye da yadda aka sa mata, kuma kuskure ne a rage ta a wannan hali, domin idan ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida. Ka sayi ƙaramin geji naka na kanka. Shi ne kayan aiki mafi amfani da za ka mallaka.

Bayan iska, ka dubi siffar tayar. Tayar baya da ta daɗe tana ɗaukar lodi a miƙaƙƙiyar hanya takan cinye a tsakiya ta zama shimfiɗaɗɗiya, gefenta kuma ya yi kaifi. Irin wannan taya tana ƙin kwanciya a farkon kwana, sannan ta faɗa ciki farat ɗaya idan ta hau kan kaifin. Ta gaba kuma takan ci tudu da kwari; ka shafa tafin hannunka a kanta gaba da baya, idan ka ji haƙoranta suna da tsini ta fuska ɗaya, wannan kaɗai ya isa ya kawo kaɗawar kai. Akwai alamar TWI ko ɗan kusurwa uku a gefen taya da ke nuna inda aka sa ɗan tudu a cikin zanen. Idan roba ta cinye ta yi daidai da tudun nan, tayar ta gama aiki.

Sai shekaru. A gefen yawancin tayoyi akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Rana irin tamu tana busar da roba da wuri, kuma tayar da ta wuce shekara biyar, ko wadda gefenta ya yi ƙananan tsage-tsage, ba ta kama kwalta ko da zanenta bai taɓu ba. Dillalai sun san mutane zane suke dubawa, shi ya sa wani lokaci za ka tarar da tsohuwar tayar da ta kwana a shago shekara da shekaru an ɗaura ta domin ta yi kyan gani.

Ka karanta girman kowace taya, irin su 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya, ko masu 18, ka tabbatar shi ne girman da aka yi wa wannan babur. Mutane suna son sa babbar taya a baya da tunanin za ta fi ɗaukar kaya, amma taya mai faɗi a kan siririn rim takan matse ta canja siffa, wani lokaci har ta riƙa gogar murfin sarƙa. Ka dubi kibiyar da ke nuna fuskar juyawa ko an sa ta daidai. Ka kuma dubi siririn layin da ke zagaye da taya dab da bakin rim: ya kamata tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina. Idan ya nutse a wani wuri, tayar ba ta zauna ba, kuma za ta riƙa tsalle a kowane juyi. A sace iska, a shafa ruwan sabulu a bakin, a sake hurawa har ta zauna.

Abu na ƙarshe shi ne abin da ke ciki. Ƙasarmu ƙasar ƙaya ce, kuma ba abin mamaki ba ne a buɗe tayar babur na hannu a tarar da tub mai faci a kan faci, ko guntun tsohuwar taya da aka cusa domin a toshe inda ta yage. Wannan guntu yana sa gefe ɗaya ya fi nauyi, sai ka ji babur yana bugawa a wani gudu na musamman. Ra'ayina shi ne duk wanda ya sayi babur na hannu ya sa a buɗe tayoyin biyu a gabansa, ko da bai ji komai ba. Idan akwai yaga a jikin tayar gaba, a jefar da ita. Ba a yin tsimi a kan tayar gaba.

Rim, sifok da boris

Ka ɗora babur a kan ƙafar tsakiya, wani ya danne baya domin gaba ta tashi. Ka riƙe alli ko fensir a jikin shoka, bakinsa dab da gefen rim, ka juya taya a hankali. Inda rim ya karkace zai taɓa allin ya bar shaida. Iyakar da littattafan gyara suka saba bayarwa ita ce milimita 2, ko ta gefe ko ta sama da ƙasa. Sannan ka bi sifok ɗaya bayan ɗaya kana ɗan buga su da sifana. Mai ɗauri yana amsawa da amo mai kaifi, sakakke kuma yana yin ƙara maras rai. Hanyoyi irin ta Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, da ramukansu, suna sassauta sifok ƙwarai, kuma sifok uku ko huɗu sakakku a wuri ɗaya sun isa su sa baya ta riƙa lilo. Ɗaure su aikin mai haƙuri ne, ana juya kowanne rubu'in juyi ana sake aunawa. Idan aka ɗaure gefe ɗaya da ƙarfi, rim ɗin zai bi shi ya ƙara karkacewa. Masu gyaran keke da suka daɗe a sana'a sukan fi wasu makanikan babur iya wannan. Idan rim ɗin na alminiyon ne wanda ba shi da sifok, ka nemi tsaga a gindin rassansa da lotsawa a bakinsa. Wanda ya tsage ba a yi masa walda, sai dai a sauya.

Boris ɗin taya gwajinsa gajere ne. Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza ta gefe da gefe. Ko motsi kaɗan ka ji, ko ƙara kamar ana niƙa tsakuwa idan tana juyawa, a sauya duka na wannan taya. Lambarsu tana rubuce a jikinsu, irin su 6301 ko 6202, kuma ka nemi wanda aka ƙara wa 2RS, wato mai murfin roba ta fuska biyu, saboda ƙurar hunturu da ruwan damina. Ka tsaya ka ga an mayar da ɗan bututun ƙarfen da ke tsakanin boris biyu, da ƙananan zobban da ke gefe, kowanne a mazauninsa. Idan aka manta ɗaya ko aka musanya na hagu da na dama, taya za ta kauce daga tsakiya, sabon boris kuma ba zai daɗe ba. Tun da an cire sandar da taya ke juyawa a kanta, a mirgina ta a kan gilashi a ga ko ta lanƙwashe.

Wuya

Bayan taya, wuya ne ya fi yawan jawo wannan matsala, kuma shi ne aka fi gyarawa ba daidai ba. Yawancin ƙananan babura suna da ƙwallayen ƙarfe a sama da ƙasan wuya, suna gudana tsakanin kofi da mazauninsa. Duk ramin da tayar gaba ta faɗa, waɗannan ƙwallaye ne suke shan dukan, kuma da yake babur ya fi tafiya kai a miƙe, a wuri ɗaya suke ta dukan kofin har su yi masa gurbi.

Gaba tana sama, ka juya kai daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama a hankali da yatsa biyu. Ya kamata ya tafi sumul. Idan ya iso tsakiya ka ji ya ɗan maƙale kamar ya faɗa wani rami, gurbin ke nan. Ka lura kada wayar kuloci ko ta birki ko ta totur ta yaudare ka, domin idan an bi da su ta inda bai dace ba su ma suna riƙe kai. Daga nan ka tsuguna a gaba, ka kama ƙasan shoka biyu, ka ja su zuwa gare ka ka tura. Idan ka ji ƙwas a wuya, ya saki. Haka kuma idan kana jin wannan ƙara duk lokacin da ka kama birkin gaba.

Sakin wuya ana gyara shi da ɗauri. A sassauta babban notin sama da kusoshin da suka matse shoka a ƙarfen sama, a juya zoben nan mai tsaga-tsaga da ke ƙarƙashi kaɗan-kaɗan, ana gwadawa, har motsin ya ɓace amma kai yana faɗawa gefe da kansa idan an ɗan tura shi daga tsakiya. Sannan a ɗaure notin sama a sake gwadawa, domin ɗaurinsa yakan ƙara matse boris. Abin da nake gani yana faruwa sau da yawa shi ne a sa guduma da kurfi a buga zoben har kai ya yi tauri, a ce an kashe rawar. Rawar takan ragu na ɗan lokaci, amma babur ya rasa ikon daidaita kansa, sai ya riƙa yawo a tafiyar sannu, a cikin rairayi kuma ya kayar da mutum. Wanda ya taɓa tsallaka yashin kogin Mayo Kaliyawo a Marwa da rani ya san yadda ake buƙatar kai mai sauƙin juyi a irin wannan wuri.

Gurbi kuwa ba ya jin ɗauri. Sai an sauya kofuna da mazaunansu da ƙwallaye gaba ɗaya, ba a haɗa tsoho da sabo. A ƙirga ƙwallayen sama da na ƙasa a sa adadin da ya dace, a cika su da giris mai kyau, a tabbatar kofunan sun shige har ƙarshe ba a karkace ba. Bayan mako guda ana hawa, ka koma a sake duba ɗaurin, saboda sabon boris yakan zauna ya ɗan saki.

Shokar gaba

Ka kama birkin gaba ka danna kai ƙasa da ƙarfi ka saki. Ya kamata ta nutse sumul, ta dawo sau ɗaya ta tsaya. Idan tana ta sama da ƙasa, mai ya ƙare ko ya tsinke. Idan tana maƙalewa, ko dai bututun ya lanƙwashe, ko an ɗaure ta a murɗe. Ka dubi bututun masu sheƙi: zoben mai da ƙura ta manne masa yana nuna sil, wato robar da ke hana mai fita, ya mutu, tsatsa ko ƙwarzane kuma za su kashe duk sabon sil da aka sa. Masu sayarwa sukan goge man kafin mai saye ya zo, saboda haka ka danna sau da yawa sannan ka shafa yatsa.

Idan za a sauya mai, a yi wa ƙafafun biyu tare, a wanke cikinsu, a jera sifirin biyu, wato naɗaɗɗun ƙarafan da ke cikinsu, a ga tsawonsu ɗaya ne, a auna man da sirinji domin kowace ƙafa ta sami daidai da 'yar'uwarta, gwargwadon abin da littafin wannan babur ya faɗa. Man shoka mai lamba 10W shi ne aka fi amfani da shi. Baƙin man da aka juye daga inji ba shi da wuri a nan, ko da an ce maka kowa haka yake yi.

Babur da ya taɓa faɗuwa yakan fito da gaba a murɗe: taya tana kallon gaba, kai kuma yana kallon gefe. Sau da yawa ba abin da ya lanƙwashe, shoka ce kawai ta juya a cikin maƙalanta. Maimakon a matse taya tsakanin gwiwoyi a fizgi kai, a sassauta notin sandar taya, da kusoshin ƙarfen ƙasa, da na madgad, a bar na sama a ɗaure, a danna gaba sau da yawa domin komai ya koma mazauninsa, sannan a ɗaure daga sama zuwa ƙasa. Idan bayan haka ba ta miƙe ba, a ɗora fallen gilashi a kan bututun biyu. In yana rawa bai kwanta a kansu duka ba, a cire su a mirgina a gani. Ɗan lanƙwasa kaɗan mai injin matsi yana iya miƙe shi. Wanda ya yi ƙugu, ko wanda aka taɓa gasawa da wuta, a sauya shi. Ka kuma dubi ƙarfen kan da kansa, domin shi ma yakan lanƙwashe ya sa ka ɗauka laifin na ƙasa ne, kuma sauya shi ba tsada.

Baya

Baya tana sama, ka kama taya ta can ƙarshe ka tura ta hagu da dama kana kallon inda ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da ita ya haɗu da firam. Idan wurin yana motsi, bushin ya cinye ko dogon ƙusan ya saki. Motsin da bai kai a ce komai ba a gindin yana zama babba idan ya iso taya, kuma shi ne yake sa baya ta riƙa juya babur duk lokacin da ka ba da wuta ko ka sassauta.

Shokar baya guda biyu dole su zama iri ɗaya, tsawo ɗaya, kuma zoben da ake ƙara musu tauri da shi, wanda yawanci yake da mataki biyar, ya kasance a mataki ɗaya hagu da dama. Ka danna kujera ka saki. Idan ta yi ta lilo, shokar ta mutu, sifirin kawai ya rage. A sauya biyun tare.

A nan ya kamata ka tambayi kanka aikin da babur ɗin ya yi kafin ya zo hannunka. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu sun yi kilando, wato acaɓa, ko sun yi jigilar jarkokin mai daga bakin iyaka, ko buhunan albasa da masakwa daga ƙauye. Masu irin wannan aiki sukan ƙara shoka ta zama huɗu, ko su sa dogaye masu tauri, su kuma yi wa kariya walda ta miƙe can bayan taya. Dogayen shoka suna ɗaga baya su sa kai ya yi saurin juyawa fiye da kima. Doguwar kariya kuma, da zarar an ɗora mata kaya, tana ɗage nauyi daga tayar gaba, sai kai ya yi sakayau ya fara kaɗawa. Idan kai ba wannan aikin za ka yi ba, ka mayar da komai yadda kamfani ya yi shi.

Layin tayoyi

Wannan awo ba ya cin ko dala, amma ba kasafai ake yin sa ba. Duk lokacin da aka ja sarƙa, idan ba a juya notin hagu da na dama daidai ba, tayar baya takan kalli gefe, sai babur ya riƙa tafiya a kaikaice, yana son kwana ɗaya yana ƙin ɗayar. Zanen da ke jikin majanyin sarƙa ba abin dogara ba ne a tsohon babur, domin yakan lotse ko a sauya shi da wani.

Ka sami igiya siririya mai tsawon kamar mita biyar. Wani ya riƙe babur a tsaye cak a kan daɓen siminti. Ka zagaya igiyar ta bayan tayar baya, ƙasa-ƙasa yadda ba za ta taɓa salansa ko ƙafar tsakiya ba, ka ja bakinta biyu zuwa gaba, ka matso da kowanne har ya ɗan taɓa gefen tayar baya ta gaba da ta baya ba tare da ya lanƙwashe ba. Ka daidaita kai, sannan ka auna tazarar da ke tsakanin igiya da tayar gaba ta hagu da ta dama. Da yake tayar gaba ta fi siranta, za a sami 'yar tazara, kuma dole ta zama ɗaya a gefen biyu. Idan bambancin ya wuce milimita biyu ko uku, a sassauta sandar tayar baya a gyara da notin majanyi har ya daidaita. A bar wa sarƙa sakin da ya kai milimita 20 zuwa 30 a tsakiyarta, a auna a inda ta fi tauri idan ana juya taya. Sarƙar da aka ja tam tana hana shokar baya aiki, tana kuma cin boris.

Kafin ka sauke babur, ka juya kowace taya ka saurari birki. Idan yana kamawa yana saki a kowane juyi, ko dai tukunyar birkin ta zama ƙwai, ko faifan ya karkace, kuma za ka ji shi a hannu lokacin tsayawa. Ka bi kusoshin da ke riƙe da inji ka ɗaure su, domin a waɗannan babura inji yana cikin abin da ke ƙarfafa firam.

Firam

Idan an bi duk waɗannan kuma igiya ta ƙi daidaita ko yaya aka juya majanyi, sai a dubi firam. Ka cire tanki da kujera da murafun gefe. Ka nemi fentin da ya tsage ko ya yi ɓawo a bayan wuya, ko sabon fenti a wuri ɗaya tak, ko walda mai kauri da ba ta yi kama da ta kamfani ba. Ka dubi 'yan ƙarafan da ke tsayar da kai idan ya kai ƙarshe. Idan ɗaya ya karye ko an yi masa ɗori, ko tanki ya lotsa a inda kai yake bugunsa, babur ya sha mummunar faɗuwa. Sabuwar fitila da sabon kai da sabon madgad a jikin tsohon babur su ma shaida ce.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi. Ka rataya dutse a zare ka daidaita babur har tayar baya ta tsaya daidai da zaren, sannan ka kai zaren wurin ta gaba. Idan ita ta kwanta gefe alhali shoka a miƙe take, wuyan firam ya murɗe. Ko kuma ka jiƙa tayoyin, ka tura babur a miƙe a kan busasshen daɓe, ka dubi sawun: ya kamata ta baya ta taka sawun ta gaba.

Firam da ya ɗan kauce, ƙwararren da ke da wurin ɗaure shi da abin awo yana iya dawo da shi. Amma wanda ya tsage a wuya, ko wanda aka riga aka gasa aka buga aka yi wa ɗori, ban yarda a ɗauki iyali ko fasinja a kansa ba, domin idan wuya ya rabu a kan gudu ba ya yin gargaɗi. Ga kuma wata matsala: lambar firam a jikin wuyan take, kuma walda a kusa da ita tana iya ɓata ta har ta saɓa da abin da ke cikin takardar mallakar babur, jandarma kuwa a shingen hanya ba zai saurari dogon bayani ba. Sauya firam ma yana nufin sai an gyara takardu.

Saboda haka idan awo ya nuna firam ne, kada ka ƙara kashe ko sisi a kan babur ɗin, kada kuma ka bari a taɓa waldar, ka koma wurin wanda ya sayar maka tun maganar tana da ɗumi. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a wannan yanki, aibin da yake tare da kaya tun kafin ciniki, wanda mai saye bai sani ba, yana ba shi damar mayar da kayan, kuma dattawan kasuwa sun san da haka. Ka tafi da shaidun cinikin, da makaniken da ya duba, a cire tanki a nuna wurin, a sake ja igiyar a gaban dillali da shugaban 'yan kasuwar babura, sannan a zauna a yi maganar mayar da kuɗi ko ragin da zai isa sayen wani firam da gyaran takardunsa.